Mota ko jirgin ƙasa? Yadda za ka yanke shawara tun kafin ka bar Kumasi

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga 'yan'uwa na Aboabo da Asawase da Sawaba. Wani zai kai mahaifiyarsa ziyara Fas ta ƙasar Maroko, wani zai yi umara da iyalinsa, wata za ta je ganin jikoki a Landan ko Hamburg. Kowa cewa yake yi: "Alhaji, in mun sauka, hayar mota za mu yi ko jirgin ƙasa za mu bi?" Na lura mafi yawansu sun riga sun zaɓi mota a zuci. Ban ga laifinsu ba, domin da yawanmu mun girma tashar jirgin ƙasa ta Adum ba ta ɗaukar fasinja, abin da muka sani shi ne trotro, wato ƙananan bas-bas na haya, da bas ɗin Asafo da motar gida.

Amsata ita ce ba a yi wa tafiya duka hukunci ɗaya. Zango-zango ake bin ta, kowane zango da abin hawan da ya dace da shi. Ga matakan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci, don mataki na biyu kaɗai yakan raba gardama ga mutane da yawa.

1. Rubuta zangunanka a takarda

Ɗauki takarda da biro. Rubuta garin da jirgin sama zai sauke ka, sai duk garin da za ka kwana, da adadin kwanakin, har zuwa inda za ka tashi ka dawo Accra. Tsakanin kowane gari biyu ka ja layi. Wannan layin shi ne zango.

Sai ka buɗe Google Maps, ka duba kowane zango sau biyu, da alamar mota sannan da alamar jirgin ƙasa. A gefen layin ka rubuta ko dogo ya kai garin, da sau nawa za ka canja jirgi. A Maroko, misali, dogo ya haɗa Tanja da Rabat da Kasablanka da Meknes da Fas da Marakesh, amma daga Marakesh ya tsaya. Babu jirgin ƙasa zuwa Agadir ko Shafshawan ko yashin Merzuga, sai bas ko mota. A Saudiyya jirgin Haramain yana tsayawa a Makka da Jidda da filin jirgin Jidda da Birnin Sarki Abdallah da Madina, amma bai hau Ɗa'ifa ba.

Gargaɗi: kwanakin da za ka zauna cikin babban birni, ka kewaye su da biro. Waɗannan ranaku ne da mota za ta zame maka kaya. Ni kaina na taɓa ajiye motar haya kwana uku a wajen ganuwar Fas, ina biyan haya ina biyan mai gadi, alhali zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana can cikin tsohon birni, inda lungunan ba sa ɗaukar mota sai ƙafa da jaki da amalanke.

2. Tabbatar za a ba ka motar ma tukuna

Kafin ka ɓata dare kana kwatanta farashi, duba abubuwa huɗu.

Na farko lasisinka na DVLA, hukumar lasisin tuƙi ta Ghana, ya kasance da sauran rai har bayan ranar dawowarka. Kamfanonin haya da yawa suna son lasisin ya yi aƙalla shekara ɗaya a hannunka. Na biyu lasisin ƙasa da ƙasa, wanda DVLA ce ke bayarwa. Ka nema da saura makonni, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Shi kaɗai ba ya aiki, dole ka riƙe shi tare da na gida. A Ingila baƙo yana iya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma dokar ƙasa daban, sharaɗin kamfani daban, don haka ka aika musu saƙon imel ka ce lasisin Ghana gare ka, ka ajiye amsarsu a wayarka.

Na uku shekaru. Wanda bai kai 25 ba yawanci ana ƙara masa kuɗi a kowace rana, wani kamfanin ma ba zai ba shi babbar mota ba. Masu shirin cewa "yaron nan zai tuƙa mu" su lura da wannan.

Na huɗu shi ne inda mutanenmu suka fi faɗuwa: kati. Kamfanin haya yana riƙe kuɗin jingina a kati, kuma galibi katin bashi yake so, mai ɗauke da sunan wanda zai tuƙa. Katin cirar kuɗi da yawancinmu ke riƙe da shi, ko da tambarin Visa a jikinsa, wani teburin zai ƙi karɓa, wani kuma sai ka sayi inshorarsu mafi tsada. MoMo, wato kuɗin waya, ba ya aiki a can, tsabar kuɗi ma da wuya manyan kamfanoni su karɓe ta jingina. Katin ɗan'uwanka da ke zaune a ƙasar ba zai yi ba, sai in shi ne aka rubuta babban direba, kai kuma a ƙara ka na biyu da ƙarin kuɗi.

In ɗaya daga cikin huɗun nan ya gagara, magana ta ƙare, ka wuce mataki na shida. Inda dogo bai kai ba sai ka ɗauki mota da direbanta na yini ɗaya.

Gargaɗi: ka kira bankinka kafin ka tashi, ka gaya musu ƙasar da ranakun, ka tambayi iyakar abin da katin ke iya biya a rana. Kuɗin jingina kan ɗauki kwanaki bayan ka mayar da mota kafin a sake shi, kada ka sa shi cikin kuɗin guzuri.

3. Ƙirga kawuna, ƙirga akwatuna

Mutum ɗaya ko biyu tsakanin manyan birane, jirgin ƙasa ne kusan kullum. Daga mutum huɗu mota take fara yin araha. Sai dai yara suna canja lissafin. A Ingila ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya biya, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi ne. A Jamus, a jiragen dogon zango, yaro daga 6 zuwa 14 kyauta yake tafiya tare da babba, muddin an rubuta shi a tikitin lokacin saye. A mota kuwa yaro ƙarin kuɗi ne, saboda kujerar yara dole ce: a Ingila har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, a Jamus shekara 12 ko santimita 150. Goyo ko riƙe jariri a cinya, kamar yadda muke yi a trotro, laifi ne mai tara a can.

Sai kaya, kuma mu mun san kanmu. Muna tafiya da garin rogo da shito da busasshen kifi da atamfofin tsaraba, mu dawo da ninkinsu. A jirgin ƙasa babu kaya-kaya irin na Kejetia da zai ɗauka maka. Kai za ka ɗaga akwatinka ka hau, cikin 'yan mintunan da jirgi ya tsaya. Ka'idata ita ce kowane babba akwati ɗaya da jakar baya. In ya wuce haka, ko dai a bar manyan a gidan ɗan'uwa ko otal ɗin da za a dawo, ko a koma batun mota. Jirgin Haramain ya ƙayyade akwati babba ɗaya mai kilo 25 da jakar hannu, don haka mai sayayya a Madina ya yi tunani kafin ya cika buhu da dabino.

Motar ma ba rumbu ba ce. Wadda aka rubuta "mutum biyar" a shafin haya, but ɗinta da ƙyar yake ɗaukar manyan akwatuna biyu ko uku.

Idan da tsoho ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ka duba yawan canjin jirgi. Jirgi ɗaya kai tsaye ya fi mota sauƙi ga Hajiya, tana miƙe ƙafa, ga bayan gida kusa. Amma canji biyu da hawa matakala da gudu ya fi zaman mota wahala.

4. Yi lissafin kuɗi, kowane ɓangare da cikonsa

Nan ne ake yaudarar kai, domin ana ɗaukar farashin haya na talla a gwada da tikitin da aka duba ana gobe tafiya. Araha ba ta ado. Ja layi a tsakiyar takarda.

A ɓangaren mota ka rubuta haya ta duk kwanakin. Ka ƙara inshorar da ke sauke maka kason da za ka biya in an yi ɓarna, don inshorar da ke cikin farashin farko takan bar maka kaso mai nauyi. Ka ƙara direba na biyu, kujerun yara, da ƙarin kuɗin otomatik, tunda a Turai da Maroko mai giyar hannu ce ta yau da kullum. In za ka karɓa a wani gari ka ajiye a wani, akwai kuɗin hakan, kuma in ƙasa ce daban yakan yi tsada ƙwarai.

Mai kuma a sauƙaƙe ake lissafa shi: ƙaramar mota ka ba ta lita 7 a kowane kilomita 100. Kasablanka zuwa Fas da dawowa kusan kilomita 600 ne, wato lita 42, sai ka ninka da farashin lita na makon da za ka tafi.

Sai kuɗin hanya. Mu tun Nuwamban 2021 aka rufe rumfunan karɓar kuɗin hanya, har mun fara mantawa. Manyan hanyoyin Faransa da Italiya da Maroko galibi na biya ne. Na Jamus kyauta ne ga ƙananan motoci, amma da ka ƙetara Ostiriya sai ka sayi shaidar hawa babbar hanya, a Suwizalan kuma ta shekara guda ake sayarwa kan faran 40, ko da yini ɗaya za ka yi. A ƙarshe kuɗin fakin na kowane dare, da kuɗin shiga tsakiyar birni irin na Landan.

A ɓangaren jirgi ka rubuta tikitin kowane mutum a farashin sayen wuri, sannan tasi daga tasha zuwa masauki a kowane gari, zuwa da dawowa. A Maroko ƙaramar tasi mutum uku kawai take ɗauka, iyali mai mutum biyar tasi biyu ke nan kowane fita.

Ga misali da lambobin da na ƙaddara don a ga yadda ake yi, kai ka sa naka na gaske. A ce mota ta kwana uku, komai da komai, ta tashi yuro 385. A ce tikitin zuwa da dawowa yuro 70 ne kowane babba, tasi kuma yuro 60. Mutum biyu a jirgi 200, jirgi ya yi nasara da nisa. Mutum huɗu 340, an kusa kunnen doki. Mutum biyar da tasi biyu 470, mota ta fi araha, in dai ba sai an koma babbar mota saboda kaya ba. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, ni jirgi nake zaɓa, saboda abin da ke mataki na gaba.

5. Auna lokaci da gajiyar direba

Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, kuma duk wanda ya bi ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw ya san awa biyar ba abin mamaki ba ne. Da wannan ma'aunin muke kallon taswirar ƙasashen waje, shi ya sa muke kuskure. Jirgin Al Boraq na Maroko, da aka buɗe a Nuwamban 2018, yana cin Tanja zuwa Kasablanka, fiye da kilomita 300, cikin awa biyu da minti goma. Haramain yana haɗa Makka da Madina, kusan kilomita 450, cikin ƙasa da awa biyu da rabi, inda mota ke cin awa huɗu zuwa biyar. Landan zuwa Manchesta awa biyu da 'yan mintuna ne, Paris zuwa Liyon awa biyu. A irin waɗannan zanguna mota ba ta da abin cewa.

Amma ka auna daga ƙofa zuwa ƙofa. Ƙara lokacin zuwa tasha da jira da tasin ƙarshe. A kan lokacin mota kuma ƙara hutu duk bayan awa biyu, da neman wurin fakin.

Sai ka tambayi kanka wa zai tuƙa. In mutum ɗaya ne, shi bai je hutu ba, aiki ya je. Kowa na kallon duwatsu da gonakin zaitun, shi idonsa na kan kwalta da allon gudu. A Ingila ma da ƙari: hagu suke bi, sitiyari a dama, shataletale ana zagaya shi ta ɗaya hannun, gudu kuma da mil ake rubuta shi. Ghana ta koma hannun dama tun Agustan 1974, don haka duk wanda ya koyi tuƙi bayan nan, hannunsa da idonsa sun saba da akasin abin da zai tarar.

Batun salla yana cikin lissafi. Mota tana ba ka damar tsayawa inda ka so, kuma wuraren hutawa na manyan hanyoyin Maroko da Saudiyya suna da masallatai. A jirgin Turai kuwa ka yi alwala tun daga masauki, ka zaɓi lokacin tashi da zai ba ka damar yin ƙasaru da haɗa salloli kafin hawa ko bayan sauka.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka karɓi mota ranar da ka sauka daga jirgin dare. Wanda ya taso daga Kumasi da safe, ya yini a hanya, ya kwana a zaune a sama, ba shi da idon tuƙi a baƙuwar hanya da iyali a baya.

6. In jirgi ka zaɓa

Sayi tikiti daga shafi ko manhajar kamfanin jirgin ƙasar da kanta: ONCF a Maroko, SNCF a Faransa, DB a Jamus, Trenitalia ko Italo a Italiya, shafin Haramain a Saudiyya. A Ingila tikitin rangwame yakan fito da saura kamar mako 12, kuma yana ƙara tsada yayin da rana ke matsowa. Iyali mai yara su duba katin Family & Friends, yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya da kashi 60 cikin ɗari ga yara. Amma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Tikiti mai araha na jirgi ɗaya ne a lokaci ɗaya. In ya wuce ka, kuɗin sun tafi. Saboda haka zangon farko bayan saukar jirgin sama ka ba shi tazarar awa uku, ko ka sayi mai sassauci. Inda za ka canja jirgi, ka saye shi a tikiti ɗaya, don in na farko ya makara a sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Jamus makara ba baƙon abu ba ce, mai kaya da yara kada ya yarda da canjin minti biyar.

Ka karanta sunan tasha sosai. Manyan birane tasha fiye da ɗaya gare su. A Kasablanka, Casa Voyageurs ce ta jiragen Fas da Marakesh da Al Boraq, kuma jirgin filin jirgin sama yana tsayawa a nan. A Landan, Manchesta daga Euston ake tashi, Edinbara daga King's Cross. Jirgin ƙasa ba bas ɗin Asafo ba ne da zai jira ya cika ko yaron mota ya hango ka ya tsayar. A Faransa ana rufe ƙofa minti biyu kafin tashi.

Wasu kurakurai masu tara: a Italiya tikitin takarda na jiragen yanki sai ka buga shi a ƙaramin injin da ke tasha kafin ka hau. A Jamus tikitin wata na Deutschlandticket ba ya aiki a jiragen dogon zango na ICE da IC, kuma rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke ba kafin 10 ga wata za a ci gaba da cire maka. Hawa ba tikiti mai inganci yuro 60 ne a Jamus, fam 100 a Ingila. Jirgin Eurostar daga Landan zuwa Paris awa biyu da kwata ne, amma ƙetare iyaka ne, bizar Ingila ba ta shigar da kai Faransa, sai da ta Shengen.

Ga masu umara daga Madina: jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wato Abyar Ali. Ko dai ka je masallacin miƙatin da tasi ka ɗaura niyya sannan ka wuce tasha, ko ka hau da haraminka a jiki ka yi niyya kafin jirgi ya gota wurin, wanda ke zuwa jim kaɗan bayan tashi. Ka zauna da malaminka kan wannan tun a gida. Tashar Makka kuma tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami, akwai sauran tasi ko bas a gabanka.

7. In mota ka zaɓa

A teburin karɓa ka nemi tsarin "cike ka karɓa, cike ka mayar". Kafin ka tayar da inji, ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo: gaba da baya, gilashi, madubai, ƙarafunan taya, rufi, kujeru, allon mai da na kilomita. Duk ƙarzanen da ka gani ka sa ma'aikaci ya rubuta a takarda. Wani kamfani ya taɓa cire mini kuɗi kan ƙarzanen da na tabbata na tarar da shi, amma da yake da magariba na karɓa cikin gaggawa ban ɗauki hoto ba, ba ni da hujja. Ya yi mini ciwo, kuma ba na so ya sami wani.

Tambayi irin man da take sha, ka duba rubutun da ke cikin murfin tanki. A Faransa da Maroko, gazole ko gasoil dizal ne, essence shi ne fetur. Zuba wanda ba shi ba inshora ba ta cika biya. A Turai galibi kai za ka zuba da hannunka, babu yaron gidan mai.

A hanya kamara ce ɗan sanda, kuma ba a roƙonta. Tara takan biyo ka ta katinka bayan ka dawo Kumasi, da ƙarin ladan kamfanin haya a kai. A Maroko iyakar gudu 120 ce a babbar hanya, 60 a cikin gari, kuma jandarmomi suna tsayawa da na'ura a mashigar garuruwa. In an kama ka, ka biya ka karɓi rasit, kada ka gwada miƙa na goro. A biranen Italiya in ka ga allo mai jan da'ira an rubuta ZTL, kada ka shiga, ko da taswirar waya ta ce ka bi. Kada ka bar jaka ko fasfo a kujera, kuma in za ka ƙetara iyaka da motar sai da izinin kamfani a rubuce.

Ranar mayarwa ka cika tanki a gidan mai mafi kusa, ka riƙe rasit, ka isa da saura awa guda, don makara kaɗan kan zama kuɗin yini. Ka sake ɗaukar bidiyo, ka karɓi takardar da ta nuna an duba ba matsala.

8. Haɗa su biyun a tafiya ɗaya

Koma ga takardarka ta mataki na farko, ka rubuta "jirgi" ko "mota" a kan kowane layi. Ga yadda nake tsara wa masu ziyarar Maroko ta kwana goma. Daga filin jirgin Kasablanka a hau jirgin ƙasa zuwa Casa Voyageurs, a canja zuwa Fas, tafiyar kusan awa huɗu. A yi kwana huɗu a Fas ba mota, tasi na kai mutum dandalin Rasif, daga nan a taka zuwa zawiya da masallacin Ƙarawiyyin. Mai son ganin Shafshawan ya hau bas ɗin CTM. Daga Fas a sauko Rabat a kwana, sai Marakesh, duk a jirgi.

A Marakesh, ranar da za a fita gari, a nan ne za a karɓi mota ta kwana biyu ko uku don hawa duwatsun Atlas ta mashigar Tishka, mai tsawon mita 2260, zuwa Warzazat. Hanya ce mai kwana-kwana, a bi ta da rana, kuma a lokacin sanyi a tambayi halin ƙanƙara kafin a tashi. A dawo a mayar da motar inda aka karɓe ta don kauce wa kuɗin ajiyewa a wani gari, sannan a hau jirgi zuwa Kasablanka ana gobe tashi, a kwana a can.